Daminar da Nomau Ya Tsaya Cik

Tun zamanin da aljanu ba su fara jin kunyar fita da rana ba, an yi wani manomi a ƙauyen Tudun Maiwa, ana ce masa Nomau, wanda ya mallaki majajjawar da babu irinta a duniya. Da gashin wutsiyar iska aka tufka ta. Ga yadda ta shigo hannunsa.

Nomau mutum ne da Allah bai yi wa zama ba. Ko tuwo yake ci, ƙafarsa ɗaya tana waje. Matarsa Tsahara takan ce da ana sayar da haƙuri a kasuwa, da mijinta ya taho gida kafin a gama auna masa. Babu abin da ya tsana kamar tsuntsu. Da zarar gero ya fitar da kai, sai ya tare a gona, yana jan igiyar sakaina, yana ihu, ya kori jan baki daga gabas su sauka a yamma, ya ruga yamma su koma gabas, har muryarsa ta dushe.

Ran nan da rana tsaka, yana cikin wannan guje-guje, sai guguwa ta taso ta nufo gonarsa. Ta yi karo da tsamiya ta watse, sai ga wata doguwar mace ta fito daga cikinta, tana dafe da goshi.

Ta ce, "Sallama gare ka, ɗan Adam mai gajeren numfashi. Ni ce Uwar Guguwa. Na ga kana da maƙiyi, ni ma ina da nawa. Naka yana da fiffike, nawa yana da saiwa."

Nomau dai bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, faɗi da sauri, ana ci mini gero."

Ta ce, "Itatuwan gonakinku sun hana ni rawa, duk inda na juya sai na yi karo. Ka share mini fili, in ba ka wannan majajjawa. Ka kaɗa ta sau ɗaya, duk mai fiffiken da ya ji ƙararta ba zai sake sauka a ƙasarku ba."

Mai hankali da sai ya ce bari in kwana da maganar. Nomau kuwa kafin ta rufe baki ya warce majajjawar, ya kaɗa. Ta yi wata ƙara da ta tsaga sama. Jan baki suka tashi, kurciya ta tashi, fakara ta fito daga cikin gamba, balbela ta bar bayan shanu, shamuwa ta bar sheƙarta a kan kuka. Har kajin Tsahara sai da suka yi ta yunƙuri, nauyin jiki ne ya hana su.

A shekarar ko ƙwaya ɗaya tsuntsu bai taɓa ba. Mutanen gari suka yi ta sa wa Nomau albarka, da ya ce a ɗauko gatari kuwa babu wanda ya yi musu. Aka sare tsamiya da kanya da marke, aka kayar da kuka, aka ƙone gambar da ke iyakar gonaki. Tsahara kaɗai ta ce, "Maigida, garin nan ya yi shiru kamar gidan makoki. Ni ban saba in tashi da safe ban ji kurciya ba." Ya ce, "Shirun nan ne ya cika miki rumbu."

Rumbun bai daɗe a cike ba. Da rani ya yi, Uwar Guguwa ta zo karɓar filinta. Babu itacen da zai tare ta, sai ta yi rawa daga gona har cikin gari, ta yaye jinkar rumbuna, ta watsa hatsi cikin yashi. Abin da ya tsira shi ne irin shuka da mata suka ɓoye a tuluna ƙarƙashin gado. Da bazara ta kama, gaggawar Nomau ta motsa. Ya bi gida-gida yana cewa a yi bizne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ya jira ruwan fari a can. Ko da can ana yin bizne, amma da ɗan kaɗan, kuma sai an ga shamuwa ta dawo, don ita ke zuwa gaban damina. Nomau ya ce jira aikin rago ne. Aka juye tulunan kaf a ƙasa.

Shamuwa ba ta zo ba. Sama ta yi fari fat, ko ɗigon girgije babu. Tururuwa suka gano ramukan iri, suka shiga jido, ga shi babu tsuntsun da zai tsince su. Kowa a Tudun Maiwa ya san lissafin ba sai an gaya masa ba: in irin nan ya mutu a ƙasa, babu na shuka, babu na ci. Tsahara ta tona rami ɗaya da yatsa, ta sami rabinsa wayam. Ta zo ta tsaya a gaban mijinta, da goyo a bayanta, ta ce, "Kai ka kore su, kai za ka dawo da su."

Tsoro ya kama Nomau, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ruga gona ya tare guguwa da rana tsaka, ya ɗaga majajjawa, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga kayanki, ki mai do mana tsuntsayenmu." Dariya ta fito daga cikin iskar. Aka ce, "Ciniki ya faɗa, ɗan Adam." Bai tsaya tunani ba, ya yi tsalle ya faɗa cikinta. Ta juya shi kamar ƙwarya a bakin rijiya, ta yi sama da shi, ta wurga shi bayan duniya.

Ya faɗo a wata ƙasa mai motsi. Da ya duba da kyau, ashe ba ƙasa ba ce, fara ce kwance a kan fara, iyakar ganinsa. Manyansu sun kai jaki, an ɗaura musu sirdi, tsutsotsi kamar igiyar guga suna kai da kawowa a tsakaninsu. Aka kama shi aka kai gaban Sarkin Fara, wanda ke zaune a kan wani katafaren kara da aka cinye ganyensa. Nomau ya sadaƙar yau kwanansa ya ƙare. Sai ya ga sarkin ya sauko da kansa.

Sarkin Fara ya ce, "Lale da ubangidanmu! Kai ne Nomau mai majajjawa? A buga masa tambari! Tun kaka da kakanni ba mu taɓa ƙyanƙyasa ba sai balbela da zabuwa sun cinye mana rabi. Bana ko ɗaya daga cikin 'ya'yanmu bai yi ciwon kai ba."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shirin yaƙi fa, na ina ne?"

"Na garinku mana. Muna jiran tsiron farko ya leƙo a Tudun Maiwa, mu zo mu yi muku godiya da bakinmu. Kai kuwa ka zauna nan tare da mu, ba za mu bar mai alheri irinka ya sake wahala ba."

Suka yafa masa alkyabbar fukafukan fara, suka kewaye shi, da'irar tana ta matsewa. Yabon maƙiyi ya fi zagi ciwo, kuma Nomau ya ji shi har cikin ƙashi. Amma wanda ya ƙare rayuwarsa yana korar tsuntsu ya san muryar kowannensu. Ya cika ƙirji, ya saki kukan zabuwa. Wuri ya yamutse. Sarki ya faɗo daga kan kara, mayaƙa suka hau junansu, Nomau ya yar da alkyabba ya ari ta kare.

Ya yi ta gudu har ƙasa ta ƙare, ya sami kansa yana taka wani abu mai laushi da sanyi. Nan ya tarar da wani makeken garke, amma ba na shanu ba. Gizagizai ne baƙaƙe ɗaure a turaku, hantsarsu ta cika har tana jan ƙasa, in suka yi kuka sai a ji tsawa. Wani tsoho yana tsaye a tsakiyarsu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, sandar hannunsa tana walƙiya.

Nomau ya ce, "Salamu alaikum, Baba."

Tsohon ya ce, "Ba ni da ɗa mai ƙafa biyu, amma aminci ya tabbata gare ka. Ni ne Makiyayin Gizagizai. Waɗannan da kake gani rabon ƙasarku ne. Lokacin tatsarsu ya wuce, suna shan wahala, amma ba su da..."

Ina Nomau zai jira ƙarshen magana? Ya riga ya kwance igiyar wanda ya fi kowanne ƙiba, yana ja yana cewa, "Taho, ni na san hanya." Girgijen ya zabura, ya ja shi a sararin sama, ya maka shi nan ya maka shi can, ya je kan wani baƙin dutse inda ko ciyawa ba ta fita, ya juye ruwansa duka, ya ɓace. Nomau ya dawo jiƙe sharkaf, da guntun igiya a hannu.

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Ka zubar da ruwan ƙauye guda a kan dutse. Da ka bari na ƙarasa, da ka ji cewa ba su da jagora. Ba sa bin sanda, ba sa bin igiya. Shamuwa suke bi, kamar yadda shanu ke bin uwar garke. Inda ta sauka, nan suke zuba."

Kunya ta rufe Nomau. Ya ce, "Baba, ina zan same ta?"

"Ka ga wancan dutsen da ba shi da inuwa? Hau shi har ka ƙure shi. Kuma in ka isa, ɗan Adam, ka bar mai magana ya gama."

Ya hau, yana kama duwatsu da farce, iska na neman fizge shi, har ya kai ƙololuwa, wuri ɗan mitsitsi kamar faifai. A can ya ga abin da bai zata ba. Tsuntsayen ƙasarsu ne duka, suna kewaya dutsen a sama, babba da ƙarami, ba tsayawa. Tun ranar da ya kaɗa majajjawa ba su sauka ba. Gashinsu ya zube, ƙirjinsu ya fito. Matansu suna saka ƙwai a cikin iska, ƙwan na faɗawa ƙasa inda ba a jin ƙarar fashewarsa.

Nomau ya ɗaga hannuwa yana ihu, "Ku zo! Ku dawo gida!" Da suka ga wannan hannu suka ji wannan murya, sai suka firgita suka ƙara nisa. Ya sake ihu, suka sake nisa. Sai da ya gaji ya sauke hannu, ya tsaya shiru, ƙafafunsa na masa ƙaiƙayi kamar ya taka garwashi, sannan da'irar ta fara matsowa. Wata tsohuwar shamuwa ta gifta kusa da kunnensa.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Shamuwa. Ba zan iya tsayawa ba. In kana son magana, ka jira in zagayo."

Ta wuce. Ya jira. Ga mutumin da bai taɓa jiran tuwo ya huce ba, wannan jira ya fi masa hawan dutsen wuya. Da ta zagayo ya ce, "Ranki ya daɗe, me ya hana ku sauka a wata ƙasa?"

"Kowace ƙasa da tsuntsayenta, kowane reshe da mai shi."

Ta sake wucewa. Nomau ya ciro majajjawa, ya wurga ta cikin ramin da ƙwai ke faɗawa. Da ta dawo ya ce, "Na yar da ita. Ku taho, irinmu na mutuwa a ƙasa."

"Ka ɗauke haramcin. Amma a kan me za mu sauka? Kun sare komai."

A zagaye na gaba ta ce, "Kututturan da kuka bari za su yi toho in kun ƙyale su, gamba ma za ta dawo in kun daina sa mata wuta. Sai dai wannan aikin shekaru ne, irinku kuwa ba zai kai ba." A na bayansa ta ce, "Sai ɗayanku ya tsaya mana a gona, mu yi sheƙa a kansa. Ba zai motsa ba har 'ya'yanmu su tashi. In ya girgiza ƙwai ɗaya ya faɗi, mun tafi ke nan, da mu da gizagizai."

Nomau ya buɗe baki zai ce na yarda, sai ya tuna gargaɗin makiyayi, ya yi shiru har ta sake zagayowa.

Ta ce, "Ka kyauta da ka jira, don ga sauran. Wanda ya tsaya damina guda a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙasa ba ta sakinsa. Kuma ka sani, za mu ci daga geronku. Ba mu yi alkawarin azumi ba."

Wannan karon ya tsaya ya auna maganar. Ya tuna Tsahara da goyonta, da ramin da ta tona. Ya ji tsoro, kuma ya ji baƙin cikin barin duniya da ƙafafunsa lafiya lau. Da Magajiya ta zagayo, ya ce, "Ni na kore ku. Ni zan tsaya."

Tsuntsaye suka kama rigarsa da baki, suka tashi da shi. Da suka bi ta kan garke, makiyayi ya kwance turaku, gizagizai suka biyo su a guje suna kuka. Mutanen Tudun Maiwa suka fito suka ga gabas ta yi baƙi, suka ga an sauke Nomau a tsakiyar gonarsa. Ya kafa ƙafafu, ya miƙa hannuwa. Magajiya ta sauka a kansa, ta naɗe fukafukanta, sauran suka jeru a kafaɗunsa da damatsansa har ba a ganin rigarsa.

Uwar Guguwa ta ga za a ƙwace mata fili. Ta taso a fusace ta bangaje shi, ta watsa masa yashi a ido, ta ce, "Ɗan Adam, kai da ba ka iya zama! Gudu ɗaya kawai, in ƙyale ka." Duk jijiyar jikinsa tana cewa ruga. Ya danna yatsun ƙafarsa cikin ƙasa, ya ji sun nutse, sun ci gaba da nutsewa. Ta yi karo da shi ta watse, kamar yadda ta saba yi da tsamiya. Sai ruwa ya kece.

Iri ya tsira. Rundunar fara ta iso kamar yadda sarkinta ya yi alkawari, ta tarar da balbela da zabuwa da shamuwa suna jiran ta da yunwar shekara guda, ko mai kai labari gida bai koma ba. Mutanen gari suka bi kututture suna kewaye tohonsa da ƙaya don kada awaki su ci.

Kullum da hantsi Tsahara takan zo da fura, ta ɗura masa a baki a hankali don kada sheƙa ta motsa. Ta ga ɓawo ya kama ƙafarsa, ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. Ta ce, "Maigida, ruwa ya sauka ai, yabanya ta yi kyau. Ko za ka lallaɓa ka sauke sheƙar nan mu tafi?" Ya ce, da ƙyar leɓensa ke motsi, "Akwai ƙwai a ciki, Tsahara." Ta juya baya don kada ya ga hawayenta, ta ce, "Yau ga sarkin gaggawa ana roƙonsa ya motsa."

Da damina ta yi tsakiya, rassa suka fito daga hannuwansa, suka yi ganye luf. Ɓawo ya kai haɓarsa. Ran nan Tsahara ta duba ƙarƙashinsa, ta ga geron da ke wurin ya yi ja, ya ƙi tashi. Ta san ba shi da sauran abin bayarwa. Amma matar manomi ce, ba ta iya gani ta yi shiru ba. Ta ce, "Maigida, inuwarka na kashe geron."

Bakinsa ya riga ya rufe. Sai ta ji wani ɗan motsi a cikin itacen, siriri, wanda ko ƙwai bai ji ba. Ganyen ya fara zuba, ɗaya bayan ɗaya, har rassan suka zama tsirara a tsakiyar damina. Rana ta sauka a kan geron, ganyen ya ruɓe a gindinsa ya zama taki. A duk Tudun Maiwa babu inda zangarniya ta yi kauri kamar wurin nan. Jan baki suka ci rabonsu, mutane suka ɗaure dammunansu, kuma ya isa. Masu ba da labari sun ce wannan ne itacen gawo na farko, shi ya sa har yau yake zubar da ganye in kowane itace yana yin sabo.

Da kaka ta yi, 'ya'yan shamuwa suka gwada fiffike suka tashi. Tsahara ta zo da hantsi, ta tsaya a gindin itacen, ta ce, "Maigida, sun tashi. An kai gero gida. Taho mu tafi."

Shiru. Ta dafa ɓawon, ta sake kira, ta kira shi har da sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun da aka kawo ta gidansa. Rana ta take, gona ta zama fili fetal, babu inda za ta fake da goyonta, amma ta ƙi tafiya. Can sai ta ji sanyi ya sauka a kafaɗarta. Ta ɗaga kai. Rassan da suka yi damina tsirara suna fitar da sabon ganye, kore shar, suna miƙowa ta inda take tsaye.

Ta kwance goyon, ta shimfiɗa zane a inuwar, ta zauna.